Alƙaliya 'yar shekara 77 da harajin Trump: hali ne ko tsari?

Sani_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun ranar 28 ga Mayun 2025 da kotun cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka da ke New York ta ce harajin da Trump ya ƙaƙaba wa ƙasashen duniya ya saɓa doka, abu ɗaya ke min yawo a ka. Cikin alƙalai ukun da suka yanke hukuncin akwai wata dattijuwa, Jane Restani, shekararta 77 a lokacin. Ronald Reagan ne ya naɗa ta a 1983, lokacin Shagari na kan mulki a nan. Kuma kafin alƙalanci lauyar gwamnati ce, shekara goma tana kare gwamnatin tarayya a kotu. Mu dai mun san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. To me ya ba wannan baiwar Allah ƙarfin gwiwar ce wa shugaban ƙasa, ɗan jam'iyyar wanda ya naɗa ta, ba ka da wannan ikon? Halinta ne, ko tsarin ƙasar ne ya tsaya mata? Lauyoyin gidan nan ku fito.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ba kotun su Ngozi ba ce? Na ɗauka ita ce ke shugabantar wajen.

Barista_Hauwa:
A'a Maman Ilham, hanya ta raba. Ngozi Okonjo-Iweala tana Geneva, tana shugabantar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya tun 2021, inda ƙasa ke ƙarar ƙasa. Wannan kuwa kotun Amurka ce zalla, ta tarayya, tana zaune a Manhattan. Ɗan kasuwar da ya shigo da kaya Amurka ya ga kwastan sun cuce shi a kuɗin fito, nan yake kai kuka.

Malam Sani, bari in jero maka tafiyar matar, don amsar tambayarka tana cikin tafiyar. An haife ta a San Francisco a 1948. Ta yi digirin farko a Berkeley ta gama a 1969, sannan ta karanci lauya a Jami'ar California da ke Davis ta gama a 1973. Su can sai ka yi digiri a wani fanni kafin ka shiga karatun lauya na shekara uku, ba kamar mu ba da muke shiga kai tsaye daga sakandare mu yi shekara biyar sannan a tura mu makarantar horas da lauyoyi ta Bwari ko Bagauda. Tana gamawa ta shiga Ma'aikatar Shari'a, sashen ƙararrakin da ba na laifi ba. A 1976 ta zama mataimakiyar shugaba a ɓangaren shari'o'in kasuwanci, a 1980 ta zama darakta. Wannan ɓangaren ne ke tsaya wa gwamnati a rigingimun kwangila da na kuɗin fito. Ka ga ke nan ta san duk dabarar da lauyan gwamnati ke zuwa da ita, don ita ce ke tura su a da. Tana da shekara 35 aka naɗa ta. Daga 2003 zuwa 2010 ita ce babbar alƙaliyar kotun.

Ɗan_Gwammaja:
Ku daina yaudarar kanku. Siyasa ce kawai. Duk alƙalan nan 'yan adawa ne, sun ga dama sun rama. Bature ma mutum ne.

Usman_Bronx:
Ɗan Gwammaja, ɗaya daga cikin ukun, Timothy Reif, Trump ne da hannunsa ya naɗa shi a 2019. Na ukun, Gary Katzmann, Obama ne ya naɗa shi. Reagan, Obama, Trump, kuma bakinsu ya zo ɗaya, babu wanda ya rubuta saɓani. Wace adawa ce ta haɗa waɗannan?

Ɗan_Gwammaja:
To ai Reif ɗin da kake magana ɗan Democrat ne, je ka bincika. Shi ne babban lauyan ofishin wakilin kasuwanci a zamanin Obama.

Barista_Hauwa:
Wannan gaskiya ne, kuma da dalili. Dokar da ta kafa kotun ta ce kujeru 9 ne, kuma ba za a samu fiye da mutum 5 daga jam'iyya ɗaya ba. Saboda haka ko shugaba ya so ko ya ƙi, wani lokaci dole ya ɗauko ɗan wata jam'iyya. Amma Ɗan Gwammaja, wannan bai amsa batun Restani ba, wadda ita Malam Sani ya tambaya. Ita ba a iya cusa ta cikin 'yan Obama.

Lawal_Akawu:
Ni abin da ya dame ni shekarun. 77 fa! A nan alƙalin babbar kotu yana cika 70 zai tattara, tun gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2023. Kafin nan ma na manyan kotunan jiha da na tarayya 65 ne. Matasan lauyoyinsu ba sa son ci gaba ne? Mutum ɗaya ya zauna kan kujera shekara 41?

Malam_Tukur_ABU:
Lawal, ba ta tare wa kowa kujera ba. Akwai wani tsari a kotunan tarayyar Amurka: alƙali in ya kai 65, kuma shekarunsa da na aikinsa suka haɗu suka kai 80, yana iya komawa matsayin dattijon alƙali. Kujerarsa ta zama fanko a naɗa sabo, shi kuma ya ci gaba da sauraron ƙara gwargwadon ƙarfinsa. Restani ta koma wannan matsayi tun 2015. Da ta so, da ta koma gida tana karɓar kuɗinta ba ta ɗaga ko biro ba. Ita ta zaɓi aikin.

Kuma Malam Sani, ni ina ɓangaren tsari. Sashe na 3 na kundin tsarin mulkinsu ya ba alƙalin tarayya abu biyu: kujera har mutuwa muddin bai yi abin kunya ba, da albashin da ba a isa a rage ba. Cire shi sai majalisar wakilai ta tsige, majalisar dattawa ta tabbatar da kashi biyu cikin uku. A duk tarihin ƙasar alƙalan tarayya 8 kacal aka cire ta haka. Wanda ba ka iya korar sa, ba ka iya taɓa albashinsa, kuma a shekara 77 ba ya neman ƙarin girma, da me za ka tsorata shi?

Hajiya_Rabi_Kwari:
Malam Tukur, da me za ka tsorata shi, to da me kuma za ka gyara shi in ya lalace? Wannan tsarin in ya faɗa hannun mugu an shiga uku har sai ya mutu.

Malam_Tukur_ABU:
Hajiya, maganarki dutse. Su ma suna wannan muhawarar a kan Kotun Ƙolinsu, wasu na cewa a sa wa'adin shekara 18. Amma a ƙaramar kotu irin wannan akwai birki: ana ɗaukaka ƙara zuwa wata kotun tarayya da ke Washington, daga nan sai Kotun Ƙoli.

Ɗan_Gwammaja:
Yawwa. Kuma washegari, 29 ga wata, kotun Washington ɗin ta dakatar da hukuncin. Aka ci gaba da karɓar harajin. To ina jarumtar?

Barista_Hauwa:
Dakatarwa daban, rushewa daban. Sun ce a bar komai yadda yake har su saurari ɗaukaka ƙarar. Mu ma a nan kullum muna neman irin wannan umarnin.

Amma tunda ka taɓo, ba yau aka fara juya mata hukunci ba. A 2018 Trump ya ninka harajin ƙarfen Turkiyya zuwa kashi 50. Wani kamfani mai suna Transpacific Steel ya kai ƙara, kuma a 2020 alƙalai uku, har da Restani da Katzmann, suka ce ninkin ya saɓa doka saboda wa'adin da majalisa ta gindaya ya wuce. A 2021 kotun sama ta rushe hukuncinsu. Ba ta yi fushi ta ajiye aiki ba, haka shari'a take.

Wadda ta fi burge ni ita ce shari'ar tayoyin China, ta kamfanin GPX. Ma'aikatar Kasuwancin Amurka tana ɗora haraji iri biyu a kan kaya ɗaya: na hukunta karyar da farashi, da na rama tallafin da gwamnatin China ke bai wa masana'antunta. Restani ta duba lissafin ta ce yadda ake yin sa ana iya cajin abu ɗaya sau biyu, ta mayar musu su gyara. Wannan a zamanin Obama ne fa. Maganar ta je sama, kotun ɗaukaka ƙara a ƙarshen 2011 ta ma zarce ta, ta ce dokar ba ta ba da damar ɗora harajin tallafin a kan ƙasa irin China ba sam. Sai da majalisa ta zauna a Maris 2012 ta yi sabuwar doka. To ka ga matar da ta taka wa gwamnatin Obama birki, ta taka wa ta Trump. Abin da take tambaya kullum shi ne: ina aka rubuta a doka?

Sani_Fagge:
Barista Allah ya ƙara basira. Amma kin ga kin dawo da mu kan hali ke nan, alhali Malam Tukur ya ce tsari.

Barista_Hauwa:
Ni ban ce hali ba, ban ce tsari ba. Na ce sanin aiki. Wanda ya shekara 40 yana karanta dokar kuɗin fito layi-layi ba a ruɗa shi da babbar murya.

Abba_Kwamfuta:
Don Allah wani ya yi min bayani a sauƙaƙe, me hukuncin ya ce? Na ga shafi kusan 50 ne, na gudu.

Malam_Tukur_ABU:
A taƙaice, Abba: kundin tsarin mulkinsu majalisa ya bai wa ikon sa haraji, ba shugaban ƙasa ba. Majalisa kan ara wa shugaba wani yanki na ikon ta hanyar dokoki, kowace da sharaɗinta. Trump ya dogara da wata dokar ta-ɓaci ta 1977, wadda aka saba amfani da ita wajen ƙaƙaba takunkumi da riƙe kadarorin ƙasashe, ya ce giɓin cinikin Amurka ta-ɓaci ne. Babu shugaban da ya taɓa sa haraji da wannan dokar kafin shi. Ƙananan kamfanoni 5 suka kai ƙara, na gabansu V.O.S. Selections ne, sannan jihohi 12 ƙarƙashin jagorancin Oregon. Kotu ta ce dokar ba ta ba shi ikon sa harajin da ya ga dama, a kan ƙasar da ya ga dama, ba iyaka ba. Shi kuma harajin da ya sa wa Kanada da Mexico da China da sunan yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka ce harajin ba ya magance matsalar da aka ambata kai tsaye, matsin lamba ne kawai. Harajin ƙarfe da na motoci bai shiga ba, don shi wata doka ce daban.

Usman_Bronx:
Ranar sauraron ƙarar ne abin dariyar. Restani ta tambayi lauyan gwamnati, in aka yi ƙarancin markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan da suke shafa wa burodi, shugaban ƙasa zai iya kiran sa ta-ɓaci? Tana so ya nuna mata inda iyakar take, shi kuma matsayinsa shi ne wannan ba hurumin kotu ba ne.

Maman_Ilham:
Hahaha, da a Kano ne ƙarancin gyaɗa ai ta-ɓaci ne na gaske. Masu ƙuli-ƙuli za su fito zanga-zanga.

Lawal_Akawu:
Ni fa har yanzu ban gane me ya sa za a ware kotu guda don kwastan kawai ba. Aikin me suke yi kullum in ba Trump?

Malam_Tukur_ABU:
Lawal, ai kafin a fara harajin albashi a 1913, kuɗin fito na cikin manyan hanyoyin da gwamnatin Amurka ke samun kuɗi, kuma rigima a kansa ta cika kotuna. Shi ya sa a 1890 aka kafa wani kwamitin masu ƙiyasta kaya. A 1926 ya zama Kotun Kwastan, a 1980 aka faɗaɗa ikonta aka ba ta sunan da take da shi yanzu. Ka lura, shekara 3 kacal da wannan sauyin aka kawo Restani, don haka kusan duk rayuwar sabuwar kotun a gabanta aka yi.

Aikin kullum kuwa, rabe kaya ne. Wannan abin riga ne ko bargo? A 2017 kotun ta yanke cewa wani bargo mai hannuwa da ake kira Snuggie bargo ne ba tufa ba, saboda haka harajinsa ya sauka. Tun 1893 ma Kotun Ƙolinsu ta zauna a kan tumatir: 'ya'yan itace ne ko kayan miya? Don a lokacin kayan lambu na biyan kashi 10, 'ya'yan itace kuwa kyauta suke shiga. Kotu ta ce tunda da abinci ake cin sa ba bayan abinci ba, kayan lambu ne, a biya.

Maman_Ilham:
Sai da suka je Kotun Ƙoli kafin su san tumatir kayan miya ne? Allah ya kyauta.

Hajiya_Rabi_Kwari:
Ku yi dariya, amma mu da ke shigo da yadi mun san zafin abin nan. Lambar da aka rubuta wa kaya ita ce ribarka, ita ce asararka. Akwai shekarar da wani ejan da nake ba aiki ya rubuta wa kwantenata lambar da ba tata ba, yadin ɗinki ya shigar da shi a layin kayan da aka gama ɗinkawa. Kafin a warware, kuɗin ajiya a tasha ya cinye ribar kaf, har da uwar kuɗi ya taɓa. Ban je kotu ba, wa zai jira? Kaya na zaune kuɗi na hawa. Da akwai alƙalin da ba ya komai sai wannan, wanda zai kalli yadi ya gane auduga ce ko roba, wallahi da na gwada.

Barista_Hauwa:
Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Abin mamaki mu ma da haka muka fara. Babbar Kotun Tarayya da kike gani, a 1973 aka kafa ta da sunan Kotun Kuɗin Shiga ta Tarayya, don haraji da kwastan da harkar banki da kamfanoni. A 1979 aka sauya mata suna. Har yau sashe na 251 na kundin 1999 ita ya bai wa shari'ar kwastan. Sai dai an yi ta jibga mata kaya: rigimar 'yan takara, ta'addanci, miyagun ƙwayoyi, jiragen ruwa. Alƙalin da ya yi safiya yana sauraron rikicin shugabancin jam'iyya, da rana ki kawo masa lambar yadi?

Ɗan_Gwammaja:
To ku faɗi gaskiya mana. A nan a Janairun 2019 aka dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen ana saura makonni zaɓe. Wane alƙali ne zai ga haka ya yi taurin kai?

Lawal_Akawu:
Wannan maganar bayyana kadara ce, kar ka haɗa.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, kar mu koma APC da PDP. Wancan makon sai da muka rufe zare guda saboda haka. A tsaya kan tambayar Malam Sani.

Zainab_Law300:
Ni ɗalibar lauya ce aji uku, kuma abin da na ɗauka daga zaren nan daban ne. Kullum ana nuna mana cewa in ba ka shiga babban ofishin lauyoyi a Legas ko Abuja ba, ka yi asara, aikin ma'aikatar shari'a na waɗanda suka rasa ne. Ga mace ta fara daga teburin lauyan gwamnati. Kuma namu ma haka ne: Mai Shari'a Aloma Mukhtar daga ma'aikatar shari'a ta Arewa ta fara, ta yi majistare, ta hau har ta zama mace ta farko Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Anti Barista, aikin gwamnati yana sa mutum ya zama ɗan amshin shata in ya hau kujera?

Barista_Hauwa:
Ƙanwata, ya danganta da abin da kika koya a wajen. Lauyan gwamnati nagari rabin aikinsa shi ne ce wa kwamishina ko darakta, ranka ya daɗe, wannan in muka je kotu za mu faɗi. Wanda ya saba faɗin haka a ofis ba zai ji nauyin rubuta shi a hukunci ba. Wanda kuma ya saba da "yadda ka ce yallaɓai", ko kujerar har abada aka ba shi haka zai ƙare. Na ga iri biyun.

Ga ƙarin abin da zai faranta miki: mace ta farko da aka taɓa naɗawa alƙaliyar tarayya a Amurka, Genevieve Cline, a wannan kotun ce, lokacin tana Kotun Kwastan, a 1928.

Usman_Bronx:
Ginin ma sunan baƙar fata yake ɗauke da shi, James Watson, wanda Shugaba Johnson ya naɗa a 1966. Ina wucewa ta gabansa in na kai fasinja unguwar kotuna, ba wanda ke kallon sa sau biyu.

Wani abu da mutanen gida ba sa ganewa: ba China ko Najeriya ke biyan harajin nan ba. Wanda ya shigo da kayan ne ke biya a tasha, shi kuma ya ɗora wa mai saye. Shagunan kayan Afirka da muke sayen garin rogo da manja da daddawa a nan, su abin ke faɗa wa.

Abba_Kwamfuta:
Mu nawa aka sa mana?

Malam_Tukur_ABU:
Kashi 14 a sanarwar 2 ga Afrilun 2025, sannan bayan mako guda aka sauke kusan kowa zuwa kashi 10 na kwana 90. Amma mafi yawan abin da muke sayar musu ɗanyen mai ne, shi kuma an keɓe shi. Lesotho ce ta ji a jikinta, kashi 50, ga shi masaƙunta da kasuwar Amurka suka dogara.

Sani_Fagge:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ina nan kan bakata. Malam Tukur, in tsari ne kaɗai, me ya sa alƙalan kotun sama, su ma masu kujerar har mutuwa, suka ba Trump gaskiya a kan ƙarfen Turkiyya? Tsari ɗaya, hukunci biyu.

Malam_Tukur_ABU:
Don tsarin bai yi alkawarin za su yarda da juna ba, Malam Sani. Abin da ya yi alkawari shi ne duk wanda ya saɓa wa shugaba gobe zai dawo ofis ya tarar da kujerarsa. Kuma a shari'ar Turkiyya ma kotun saman ba baki ɗaya ta yi ba, biyu da ɗaya ne.

Ɗan_Gwammaja:
Ku jira Kotun Ƙoli. Mutum 3 cikin 9 Trump ne ya naɗa su. A nan za mu ga tsarin naku.

Hajiya_Rabi_Kwari:
Ni tambayata ta 'yan kasuwa ce. In a ƙarshe aka ce harajin haramun ne, waɗanda suka riga suka biya fa? Ana mayar musu, ko ya bi ruwa?

Barista_Hauwa:
An taɓa yi, Hajiya. A 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin wannan kotun cewa wani harajin kula da tashoshin ruwa da ake karɓa a kan kayan da ake fitarwa ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma an mayar wa kamfanoni kuɗinsu. Sai dai ba a bin mutum gida da shi. Wanda ya adana takardunsa ya nema a kan lokaci shi ke samu.

Hajiya_Rabi_Kwari:
To Usman, ka gaya wa masu shagunan nan naku su daina zubar da rasit.

Zainab_Law300:
Anti Barista, wace shari'ar Restani ce ta fi sauƙin karantawa ga mai farawa? Ina so in gwada ɗaya a hutun nan, amma ban da ta tayoyin nan, lissafi ba ya yi da ni.